Tarihin Shagunan Gama Kai: Yadda Iyalai Suka Haɗa Kuɗin Cefane

Shagon gama kai shi ne shagon da masu sayen kayansa su ne masu shi. Iyalai ne ke haɗa ɗan abin da ke hannunsu, su saro kayan masarufi da yawa a kan farashin sari, su raba a tsakaninsu, ribar da ɗan kasuwa zai ci ta dawo aljihunsu. Dabarar haɗa kuɗi don a sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba tsohuwa ce, kuma al'ummomi da dama sun san ta. Amma tsarin da ya zama shago mai ƙa'idoji a rubuce, wanda ya bazu har ya game duniya, a garuruwan masaƙa na Birtaniya ya kafu, tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da tsakiyar ƙarni na 19.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko da takardunsu suka tsira ita ce ta masaƙan ƙauyen Fenwick da ke Scotland. Sun kafa ta a 1761 don tsare mutuncin sana'arsu da taimakon wanda wata larura ta kama. A 1769 sai suka fara ɗibar kuɗi daga asusun ƙungiya suna saro abinci, musamman garin hatsin da talakan can ke dama kunu da shi, suna sayar wa junansu da rangwame. Abin bai wuce ƙauyen da kewayensa ba, amma duk ginshiƙan suna nan: asusu ɗaya, sari a dunƙule, da rabo a tsakanin 'yan ƙungiya.

Abin da ya mayar da wannan dabara larura shi ne halin da ma'aikata suka shiga bayan injuna sun karɓe saƙa daga hannun mutane. Masaƙin da ke aiki a gida ya ga ladansa na raguwa shekara bayan shekara. Mutanen da suka baro ƙauyuka suka cika garuruwan Lancashire da Yorkshire ba su da gona ko ɗan lambu, duk loma sai an saya. Dokokin hatsi da majalisa ta kafa a 1815 sun taƙaita shigo da alkamar waje don kare manyan masu gonaki, burodi ya yi tsada, kuma ba a soke su ba sai 1846. A wasu wuraren ma mai masana'anta shi ne mai kanti, yana biyan ma'aikata da takardar da ba ta karɓuwa sai a kantinsa. An haramta haka a 1831, amma al'adar ta daɗe ba ta mutu ba.

Tsada kuma ba ita kaɗai ce matsalar ba. Algus ya zama ruwan dare: a zuba alli a fulawa don ta yi fari ta ƙara nauyi, a tsarma madara da ruwa, a gauraya ganyen shayi da busasshen ganyen wata bishiya ko da wanda aka riga aka dafa. Ga tauye awo a sikeli. Sai a 1860 aka yi dokar farko ta gama-gari da ta hana gurɓata abinci, ita ma ba ta yi wani ƙarfi ba sai da aka zo da ta 1875. Abin da ya ɗaure matalauci a wannan hali shi ne bashi. Mai kantin unguwa yana ba shi kaya har ranar biyan lada, kuma wanda ake bi bashi ba shi da bakin cewa awo bai cika ba, ba shi da ƙafar zuwa wani kanti.

An yi yunƙurin fita daga wannan ƙangi tun kafin 1844. Robert Owen, wanda ya riƙe masana'antar auduga ta New Lanark daga 1800, ya buɗe wa ma'aikatansa kanti mai kaya nagari da sauƙin farashi, ya kuma yi ta wa'azin cewa talakawa su kafa garuruwan da za su riƙa samar da komai da kansu. Wani likita a Brighton, William King, ya riƙa buga wata 'yar jarida daga 1828 zuwa 1830 yana koya wa ma'aikata yadda za su fara da shago, su tara riba. Ɗaruruwan ƙungiyoyi sun tashi a wancan lokaci, kuma yawancinsu sun mutu cikin 'yan shekaru. Wasu bashin da suka ba 'yan ƙungiya ne ya cinye jarinsu, wasu rigimar rabon riba, wasu kuma rashin dokar da za ta kare dukiyarsu idan ma'aji ya ci amana. A garin Rochdale kansa, wanda ke arewa da Manchester, an buɗe irin wannan shago a 1833, bai wuce shekara biyu ba ya rufe, kuma bashi ne ya kashe shi.

Mutanen da suka sake gwadawa a garin a 1844 sun san wannan labari sarai, wasunsu ma da su aka yi. Adadin da ya shahara a tarihi shi ne mutum 28. Kusan rabinsu masaƙa ne, sauran kuma masu wasu sana'o'in hannu, kamar ɗinkin takalma da kafinta da tela. Da yawansu almajiran Owen ne, wasu kuma 'yan gwagwarmayar neman a ba kowane namiji ƙuri'a. Sun fara karo-karo na kwabo biyu a mako, daga baya suka ɗaga zuwa kwabo uku, aka naɗa masu bi gida-gida suna karɓa. Da yake kwabo 240 ne ke yin fam ɗaya, tara fam 28 aiki ne na haƙuri. Sun yi wa ƙungiyar rajista a watan Oktoba, suka kama hayar ƙasan wani tsohon sito mai lamba 31 a layin Toad Lane a kan fam 10 a shekara. Mai ginin bai yarda ya ƙulla haya da ƙungiyar ba, sai da ɗaya daga cikinsu, Charles Howarth, ya karɓa da sunansa.

Ranar 21 ga Disamba 1844 da dare aka buɗe shagon. Bayan an biya haya da gyare-gyare, kayan da aka iya sarowa ba su kai na fam 17 ba: man shanu, sukari, fulawa, garin kunu, da kyandir dozin biyu. Kamfanin iskar gas ya ƙi ba su wuta, don haka kyandir ɗin da aka kawo don sayarwa shi aka kunna. Teburin awo katako ne aka ɗora a kan ganguna. An ruwaito cewa wani ɗan kasuwa ya yi musu ba'a cewa baro ɗaya zai kwashe kayan shagon kaf, yaran masana'anta kuma suka taru a ƙofa suna ihu. Dare biyu kawai ake buɗewa a mako da farko, domin masu tsaron shagon ma'aikata ne da sai sun tashi daga aiki. Bayan wata uku aka ƙara ganyen shayi da taba. A ƙarshen 1845 'yan ƙungiya sun kai 74, cinikin shekarar kuma ya ɗan haura fam 700.

Ba yawan jari ne ya raya wannan shago ba, ƙa'idojinsa ne. Ta farko ita ce kuɗi hannu: ba a ba kowa bashi, shagon ma ba ya karɓar kaya bashi. Ta biyu ita ce kaya tsantsa da cikakken awo. Ta uku ita ce ta fi dabara. Maimakon su karya farashi, sai suka riƙa sayarwa daidai da yadda ake sayarwa a gari. Duk bayan wata uku a yi lissafi, a cire kuɗin tafiyar da shago, a ba masu jari ɗan ƙayyadadden kaso, abin da ya rage a raba wa 'yan ƙungiya gwargwadon sayayyar da kowa ya yi. A misali, idan an yanke sule ɗaya a kan kowane fam, gidan da ya yi cefanen fam goma zai karɓi sule goma. Don a san abin da kowa ya saya, an riƙa ba mai saye wasu 'yan kwabbunan gwangwani da aka buga wa adadin kuɗin da ya kashe, ya tara su a gida, ranar lissafi ya kawo. Howarth ne aka fi danganta wannan tsari da shi, ko da yake wasu ƙungiyoyi sun gwada irinsa kafin nan.

Hikimar da ke ciki ta cancanci a tsaya a kanta. Shagon da ya sayar da kaya a kan yadda ya saro yana rayuwa ne a bakin rami, domin buhu ɗaya ya lalace ko lissafi ya kuskure, jari ya taɓu. Kuma karya farashi gayyatar yaƙi ce da 'yan kasuwar da suka fi shi ƙarfi, waɗanda za su iya jure asara har ya durƙushe. Sayarwa a kan farashin gari ya toshe ƙofofin biyu. Sannan rabon ribar ya ɗaure mai saye da shagonsa, tunda iya sayayyarka iya rabonka. Ya kuma zama ajiya ga mutanen da ba su taɓa iya ajiye kwabo ba: ana cefanen da dole a yi shi, ana tara kuɗi ba a sani ba. Da yawa ba sa ma karɓar rabon, sai su bar shi a asusu ya zama hannun jari, shagon ya ƙara ƙarfi. Wasu kuma da shi suke sayen takalman yara ko biyan haya.

Sauran ƙa'idojin na mulki ne. Ƙofa a buɗe take ga duk mai son shiga, kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, kuma ba a kawo rigimar addini ko ta siyasa cikin harkar shago. Mace ma tana shiga da sunanta. Eliza Brierley ce ta fara, a 1846, a zamanin da doka ta mayar da dukiyar matar aure ta mijinta, kuma ƙungiyar ta riƙa ƙin miƙa wa miji ajiyar matarsa ba da izininta ba. Daga farkon shekarun 1850 aka ware kashi biyu da rabi cikin ɗari na riba don ilimi, aka buɗe ɗakin karatu da na jaridu a saman shagon.

Akwai gefen da bai kamata a rufe ba. Dokar kuɗi hannu ta ceci shagon, amma ta bar mafi talauci a waje. Wanda aikinsa na yau-da-akwai-gobe-babu ne, ko wanda bashin mai kanti ya riga ya shaƙe, ba zai iya biya nan take ba, balle ya jira wata uku kafin ya ga rangwame. Saboda haka ƙungiyoyin suka fi ƙarfi a tsakanin ma'aikata masu tsayayyen lada a arewacin Ingila da Scotland, suka daɗe ba su kafu sosai a Landan ba. Kaya tsantsa ma sai da aka sha fama kafin mutane su karɓa. Da ƙungiyar ta shiga harkar niƙa a 1850, fulawar da ba a yi wa algus ba ta fito da ɗan ruwan ɗorawa, matan gida da idonsu ya saba da fara ƙal suka riƙa ƙorafi, sai da aka yi ta bayani. Masana'antar saƙa da 'yan ƙungiyar suka kafa a 1854 kuwa, da niyyar ma'aikata su ci rabo daga riba, sababbin masu jari sun soke wannan rabo a 1862. Wannan ya nuna tun da wuri cewa buƙatar mai saye da ta mai aiki ba kullum suke tafiya tare ba.

Duk da haka shagon ya ci gaba da girma. Da bankin ajiya na garin ya rushe a 1849, mutane da yawa suka mayar da amanarsu ga ƙungiyar. A 1850 'yan ƙungiya sun kai 600, a 1860 sun haura 3,000. Majalisa ta yi doka a 1852 da ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi matsayi da kariya. Littafin da George Jacob Holyoake ya rubuta kan tarihin shagon a ƙarshen shekarun 1850 ya yaɗu, aka fassara shi zuwa harsunan Turai da dama, garuruwa suka riƙa kwafar ƙa'idojin Rochdale kusan kalma da kalma.

Mataki na gaba ya zo ne da aka gane cewa shago ɗaya, komai yawan mutanensa, ƙaramin mai saye ne a gaban manyan 'yan sari. Wasu dillalan ma, saboda matsin masu kantuna, sukan ƙi sayar wa ƙungiyoyi ko su tura musu kaya marasa kyau. Gyaran doka na 1862 ya ba ƙungiya damar mallakar hannun jari a wata ƙungiya, sai a 1863 shagunan arewacin Ingila suka haɗu suka kafa kamfanin sari nasu na kansu a Manchester, wanda aka fi sani da CWS, Abraham Greenwood na Rochdale ya zama shugabansa na farko. Scotland ta kafa nata a 1868. Abin da iyalai suka yi a unguwa shi shaguna suka yi a ƙasa baki ɗaya. Kamfanin ya tura masu sayen man shanu Ireland, ya buɗe ofis a New York, ya kafa masana'antar biskit da ta takalma a 1873, ya mallaki jiragen ruwa, ya sayi gonakin shayi a tsibirin da ake kira Sri Lanka a yau, daga baya kuma ya kafa rumbunan sayen manja da ƙwarar manja a Yammacin Afirka don masana'antun sabulunsa. A nan ma akwai abin dubawa: leburorin gonakin shayi da manoman manja ba su cikin masu cin rabon riba.

Zuwa 1900 ƙungiyoyin Birtaniya sun haura 1,400, 'yan ƙungiya kuma sun kusa miliyan biyu. Masu kantuna ba su zura ido ba. Sun kafa ƙungiyoyin kare kansu, sun shirya ƙaurace wa duk mai hulɗa da shagunan gama kai, kamar yadda mahautan Glasgow suka yi a shekarun 1890. Mata kuwa, waɗanda su ne masu riƙe kwandon cefane alhali maza ke zaune a kwamiti, sun kafa ƙungiyarsu a 1883. Ƙarƙashin Margaret Llewelyn Davies, wadda ta riƙe ta daga 1889 zuwa 1921, sun matsa a kai shaguna unguwannin matalauta a riƙa awo ƙanana, a ƙayyade wa mata ma'aikatan shago mafi ƙarancin albashi, gwamnati kuma ta kula da masu haihuwa. A 1895 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama kai ta duniya a Landan. Ita ce ta tattara ƙa'idojin Rochdale a 1937, ta sabunta su a 1966 da 1995.

A Birtaniya abin ya kai ƙololuwa a shekarun 1950, lokacin da 'yan ƙungiya suka haura miliyan 12. Daga nan ya fara ja da baya. Manyan kantunan zamani masu rassa ko'ina sun koyi sari a dunƙule, kuma sun fi ƙananan ƙungiyoyi masu kwamiti daban-daban saurin yanke shawara. Da aka soke dokar da ta ba masu masana'anta damar ƙayyade farashin kayansu a 1964, gasar karya farashi ta buɗe, mai saye ya gwammace rangwamen yau da rabon da zai zo bayan wata uku. Ƙungiyoyi suka yi ta haɗewa, har yawancinsu suka narke cikin babban rukunin da ya gaji CWS, wanda ke da dubban shaguna har yanzu.

A daidai wannan lokaci dabarar ta sake tsirowa a Japan da wata siffa. A 1965 matan aure kimanin 200 a unguwar Setagaya ta Tokyo suka haɗu don sayen madara kwalba kusan 300 a kullum a kan farashi mai sauƙi. Wannan ne mafarin ƙungiyar Seikatsu, wadda ta zama cikakkiyar ƙungiyar gama kai a 1968. Su ba da shago suka fara ba. A lokacin maƙwabta ne, gida shida zuwa goma, ke zama rukuni, su rubuta abin da suke so tun kafin lokaci, mota ta sauke kayan a gida ɗaya su raba da kansu. Babu hayar kanti, babu kwantai, manomi kuma ya san abin da za a saya tun bai shuka ba. Sukan tsayar da nau'i ɗaya na kowane kaya don ƙarfin cinikinsu ya taru wuri guda, da haka suka iya gindaya wa masu samarwa sharaɗi a kan inganci, ba farashi kaɗai ba. Daga baya sun kafa masana'antar madara tare da makiyaya, sun daina sayen wasu sabulan sinadari saboda gurɓata ruwa. Mambobinta sun kai ɗaruruwan dubbai, mafi yawansu mata.

A Najeriya ta hannun gwamnatin mulkin mallaka tsarin ya shigo a hukumance. C. F. Strickland, wanda ya yi irin wannan aiki a Indiya, ya rubuta rahoto a 1934, aka kafa doka a 1935. Sai dai hankalin hukuma ya fi karkata ga ƙungiyoyin manoman koko, daga baya gyaɗa da auduga, da na ajiya da rance, ba na masu cefane ba. Haka abin yake a Nijar, inda hukumar UNCC da aka kafa a 1962 ta mayar da hankali kan rancen noma da sayen amfanin gona. Shagon gama kai irin na Rochdale bai yi jijiya mai zurfi a ƙasashen biyu ba.

Amma haɗa kuɗi don sari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Watanda, inda mutane ke karo-karo su sayi sa a yanka a kasa naman kashi-kashi, musamman gab da salla, tana kan wannan lissafi ne, haka ma maƙwabtan da ke haɗa kuɗi su sari buhun shinkafa ko masara a kasuwa irin ta Dawanau su raba da kwano. Bambancin shi ne waɗannan na lokaci ɗaya ne, da an raba an watse, ba a barin jarin da zai sayo na gaba. Abin da ya fi kusa da ƙungiya mai ɗorewa shi ne ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata a ma'aikatu da makarantu da asibitoci, waɗanda kan saro shinkafa da sukari da man girki kafin azumi su raba wa mambobi. Su kan bayar da kayan bashi, saɓanin dokar Rochdale, kuma abin da ke tsare jarinsu shi ne ana cire kuɗin kai tsaye daga albashi a cikin 'yan watanni. Shi ya sa wannan sauƙi ya fi isa ga masu albashi, ɗan dako da mai ƙaramar sana'a kuma har yanzu awon kullum suke yi a kan farashin mai shagon unguwa.